Ƙwallon da Ke Shigowa Daga Hagu

Ranar da aka kore ni daga Accra, ba wanda ya ce mini kora ce. Mutanen can ba sa korar mutum da tsawa irin tamu. Kujera za su ba ka, a kawo maka ruwan sanyi, a tambayi lafiyar tsohuwarka. Sai ka fito waje iska ta buge ka, sannan ka gane tun ɗazu aka yanka ka, jinin ne bai samu labari ba.

Sunana Sadiku, amma in ka shiga Birget a Kano ka ce Sadiku, za a tambaye ka wanne. Ce Lantarki, yanzu a nuna maka ƙofar gidanmu har da katangar da nake haurawa. Boko na ajiye shi a aji uku na sakandare. Ba faɗa muka yi ba, kowa dai ya gane ɗan'uwansa ba ya son sa. Na ɗan taɓa gyaran waya a kasuwa, amma ƙwallon kwando ita ce sana'ata, ita ce kuma ta kai ni Ghana. Wani babban kulob ne ya ɗauke ni. Ina sabon shiga, ko takalmina bai gama sabawa da filinsu ba, Manaja ya kira ni ofis.

Mista Boateng ake ce masa. Tumbi a gaba, agogo mai nauyi, murmushi irin na mai sayar da fili a cikin kududdufi. Da Turanci ya yi maganar, ni kuma Turancina na bakin kasuwa ne, amma zancen kora ko da Sinanci aka yi shi mutum yana ganewa.

"Lantarki, kana da gudu, kana da hannu. Amma ƙwallo in ta shiga hannunka kamar ta faɗa rijiya. Za mu tura ka ƙaramin kulob ɗinmu na Tamale ka koyi ba 'yan'uwanka. Ka koyi fasin. Kafin a rufe rajistar 'yan wasa za mu ɗauko mutum ɗaya daga can. Gurbi ɗaya ne. Naka ne in ka so."

Na ce, "Oga, ta ina za ku san na koya? Tamalen nan a bayan ofis ɗinku take?"

Ya nuna idanunsa da yatsu biyu. "Duk wasan da kuka yi, kocinku yana turo mini bidiyo. Ina kallo."

Da na je kwashe kayana, sai na tarar da rigata a jikin wani yaro mai kumatu, ɗan ƙanwar mutumin da ke ɗaukar nauyin kulob ɗin. Yaron nan in ya yi tsalle, ko takarda ba za ka zura a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Ya ce mini sannu. Na ce masa ya dinga wanke ta da ruwan sanyi, ba ta saba da kitse ba.

Motar Tamale doguwa ce, hanyar ta fi ta tsawo. Da farko daji ne kore shar, itatuwa kamar suna gasar taɓa sama. Muna wuce Kintampo sai suka fara gajarta. Ƙasa ta yi ja, ga kaɗanya, ga kuka, ga Bafulatani da sandarsa a wuya yana bin shanu, ga 'yan ƙananan masallatai a bakin titi. Na ce ikon Allah, wannan ai hanyar Bichi ce. Garin da bai yi kama da gida ba da sauƙi. Wanda ya yi kama da gida sak, amma ba kowa naka a ciki, shi ne mugu.

A tashar Tamale babura suka fara yi mini maraba. Kowa da babur. Tsohuwa da hijabi da buhun masara a baya, ita ma tana danna maka hon ka kauce. Wani mai adaidaita sahu, su yalo-yalo suke ce masa, ya tare ni.

"Masa, ina za ka?" Masa, wato maigida.

Hausa! Saura kaɗan in rungume shi. Na ce Dabokpa.

"Kai, Dabokpa nisa ne o. Shiga."

Muka yi ta tafiya. Muka wuce wani masallaci mai koren fenti. Can muka sake wuce wani masallaci mai koren fenti, da mai sayar da kankana iri ɗaya a gabansa. Na ce, "Malam, nan ba mun wuce shi ba?" Ya ce, "Tamale masallaci duka kama ɗaya ne." Daga baya na gane tafiyar ƙafa ce. Ba abin da ya karɓa ne ya dame ni ba. A ce ni, ɗan Birget, wanda ya girma a kasuwar waya inda ake sayar wa mutum kwali babu komai a ciki ya tafi yana godiya, ni aka wanke, kuma da harshen uwata!

Ɗakin da aka ba ni a Dabokpa mu biyu ne. Na tura ƙofa na ga ƙafafu. Sai da na bi su da ido har ƙarshen ɗaki sannan na tarar da mai su. Katifa ta ƙare masa a gwiwa, ya haɗa da benci.

"Cale, ka zo lafiya? Ni ne Fuseini. Wannan katifa naka ne. Uwana ya ce in gaishe ka."

Haka Hausarsu take, mace da namiji duk shi ne, ba ruwansu. Cale kuwa aboki kenan a bakinsu. Fuseini Badagombe ne, ɗan ƙabilar yankin, ɗan manomin doya daga wani ƙauye. Tsawo kamar falwaya, magana kamar ana saye. Bai taɓa zuwa Accra ba. Ya tambaye ni wai da gaske ne filin can katako ne, kuma har da rufi? Na ce da gaske, har fanka. Ya girgiza kai ya ce Allah mai iko.

Da na ga nasu filin na gane dalilin tambayar. A harabar wata makaranta yake a Zogbeli. Siminti ne da ya tsattsage kamar ƙafar manomi. Gefe ɗaya babura, gefe ɗaya awaki. A wannan kusurwar darbejiya, a waccan falwaya. Kafin azahar simintin yana soya ƙwai. Koci Alhassan malamin motsa jiki ne a makarantar, siriri, mai magana a hankali kamar yana gudun tada jariri. Da ya iso a tsohon babur ɗinsa yara duk suka durƙusa, yana gaisuwa suna "Naa, naa." Ni na miƙa masa hannu a tsaye na ce, "Koci, ya garin?" Ya ɗan kalli hannun, sannan ya karɓa.

Wasan farko na nuna musu abin da ake kira Lantarki. Na yanke wannan, na zubar da wancan, na jefa daga inda na ga dama. Rabin makinmu ni na ci. Aka cinye mu. 'Yan kallo suka raɗa mini suna nan take: Dumso. Haka suke kiran wutar da ake kawowa a ɗauke. Wasu kuma Alata, sunan da suke kiran duk ɗan Najeriya. Ina fita wani tsoho a kan keke ya ce, "Alata, ƙwallon gadon ubanka ne?"

Koci bai yi faɗa ba. Tsintsiya ya miƙo mini. Ya ce duk ranar da na jefa ƙwallo alhali ga ɗan'uwana a sake, washegari ni ke share kashin awaki a fili. Na yi shara har awakin suka fara gane ni a hanya. Bai yi magani ba. Sai wata safiya ya ce in hau bayan babur ɗinsa.

Kasuwar doya ya kai ni. Ga babbar mota shaƙe da doya, ga Fuseini a ƙasa ya tuɓe riga. Ashe nan yake aiki kafin atisaye, wajen gwaggonsa Mma Adisa. Mace ce gajera mai faɗi, da ɗaurin ɗankwali kamar za ta yaƙi. Yadda suke sauke doya shi ne mutum ɗaya a kan mota yana cillowa, na ƙasa yana cafewa yana jerawa. Doya kuwa ba ta son wulaƙanci. Ta ɗan bugu, nan za ta fara ruɓewa.

Koci ya ce, "Hau."

Na ce, "Koci, ni fa ɗan wasa ne. Da takarda aka kawo ni ƙasar nan."

"Hau da takardar."

Na hau. Doyar farko na wurga ta yadda nake wurga ƙwallo in na ji haushi. Ta daki ƙirjin Fuseini ta faɗi ta rabe biyu. Wallahi ban san mace za ta iya ƙara irin wannan ba.

"Kai Alata! Doyana ba dutse ba ne! Wa ya haife ka? Dubi hannunsa, yatsa ma a karkace!"

Ƙaramin yatsana na dama ta gani. Tun ina yaro ƙofa ta datse shi, ya warke a karkace. Na ce, "Mama, a hakan yake cin maki." Ta ce, "A hakan zai ci mari."

Fuseini ya ɗago kai ya ce a hankali, "Cale, kar ka jefa mini. Jefa inda hannuna zai je."

Maganar kenan. Doya ba a jefa ta ga mutum, ana ajiye masa ita ne a iska. Ba ƙarfi, ba lilo. Ka duba inda zai juyo bayan ya ajiye ta baya, ka sa ta ta jira shi a can. Tun ina fasawa ana zagina da yarensu na Dagbanci, har na daina fasawa ana zagina don sabo. Kullum da safe muna kan mota. Tafin hannuna ya yi kanta. Aka kai lokacin da ba na ma kallonsa. Ina hira da direba ina cillowa, ina jin saukarta a hannunsa, taf, taf, taf.

Mma Adisa ba ta taɓa ce mini sannu ba. Amma in mun gama za ta turo mini soyayyar doya da yajinsu mai baƙi, shito, ta ce, "Ci, kar ka mutu a kan motana." Da zazzaɓi ya kwantar da ni, na farka da rana tsaka na gan ta zaune a bakin ƙofar ɗakinmu da ƙwarya a rufe. Wai Fuseini ya ce mata ina ta sambatun fura. Ta hau babur har bayan gari wajen Fulani ta samo fura da nono. Na kurɓa, na ji Birget gaba ɗaya ta sauko mini a maƙogwaro. Na juya fuska bango. Ta ce, "Yaji babu a ciki, me ya sa idonka ruwa?" Na ce zazzaɓi ne.

A fili kuwa abu ya canja. In kalli dama in jefa hagu. In ajiye ƙwallo a sama kusa da kwando inda ba kowa, 'yan kallo su buɗe baki za su ce Dumso, sai ga Fuseini ya taso daga ƙasa kamar an ciro shi, ya dumbuza ta ciki da hannu biyu. Danki kenan, har ƙarfen yana kuka. Muka fara ci. Muka ci na gari, muka je garuruwan kusa muka ci. Tsintsiya ta koma hannun wani. Tsohon nan mai keke ya fara ɗaga mini hannu. Kafin kowane wasa ina ganin Koci yana ɗaure tsohuwar wayarsa a reshen darbejiya da robar tayar keke, in an juya fili ya mai da ita jikin falwaya. In na wuce ta wajen har gyara tafiya nake. Na ce Mista Boateng, sha kallo.

Umma kuwa tun farko na gaya mata ƙarin girma aka yi mini, an tura ni reshe. Duk Juma'a in na kira sai ta ce, "Yaushe za a mai da kai hedikwata?" In ce an kusa, Umma. A lokacin da gaske nake.

Koci ba ya bari mu ga bidiyon. Ya ce ɗan wasan da ke kallon kansa kansa kumbura yake. Yana turawa yake gogewa, wayar ma ba wuri. To ana saura wasa biyu a rufe rajista, ruwan sama ya kore mu daga fili muka fake a barandar aji. Na ga Koci yana ta dannar waya yana tsaki. Bidiyo ya ƙi tafiya. Ya san na taɓa gyaran waya, ya miƙo mini. Na gyara. Kafin in mayar masa, yatsan nan nawa mai karkata ya danna.

Ga kwando. Ga ɗan siminti a ƙarƙashinsa, bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Shi kenan abin da wayar ke gani. Ƙwallo ta shigo daga hagu, Fuseini ya tashi, danki. Ƙwallo ta sake shigowa daga hagu, Fuseini, danki. Na ja gaba. Na ja baya. Ƙwallo tana ta shigowa ita kaɗai kamar aljanu ke aiko ta. Wata akuya ta ratsa ta wuce, ta tsaya ta kalli wayar. Akuyar nan ta fito a bidiyon Mista Boateng fiye da ni.

Na ce, "Koci, ina nake?"

Ya karɓi wayarsa. "Kana wajen da kake jefowa."

"Wajen ba ya cikin waya!"

"Da ana riƙewa da hannu. Manaja ya ce yana rawa, yana sa masa ciwon kai. Ya ce a ɗaure, a saita a kwando. Shi wanda ya ci yake so ya gani."

"Shi fa ya ce in zo in koyi fasin!"

"Ka koya."

"Wa ya gani?"

"Ni na gani. Allah ya gani."

Na ce, "Koci, Allah ya gani, na yarda. Amma Manaja ne ke sa hannu."

Ruwa na ta dukan kwano. Koci ya ce ya gaya wa Manaja da baki, ba sau ɗaya ba. Manaja ya ce kowane koci yabon yaransa yake, shi idonsa ya yarda da shi. Ko ya faɗa ɗin, ko bai faɗa ba, oho. Shi Badagombe, Fuseini Badagombe, ni Alata. Na kalli fuskarsa ina neman ƙarya ban samu ba, kuma ban samu abin da zai kwantar mini da hankali ba.

Ɗan Birget ba ya zama. Wasa na gaba na ba wani ɗan kallo wayata ya ɗauke ni daga gefe, tun daga inda nake karɓar ƙwallo har inda nake sakinta. Ya ɗauka da kyau, Allah ya saka masa. Na tura wa Manaja da kaina, da gaisuwa da komai. Har yau da nake wannan maganar bai buɗe saƙon ba.

Saura wasa ɗaya, da 'yan garin Bolga. Lissafin mai sauƙi ne ko ga wanda ya tsaya a aji uku. Gurbi ɗaya. Manaja kwando yake kallo. In ina son ya gan ni, dole in shiga cikin tabarma ukun nan da ƙafata, da ƙwallo a hannuna.

Ban gaya wa kowa ba. Amma da safe muna ɗaura takalmi Fuseini ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Cale, yau ka ci naka. Ni ba zan yi fushi ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Wa ya tambaye ka, falwaya?"

Filin ya cika har kan katanga. Babura sun yi layi, masu yalo-yalo sun hau rufin kekunansu. Mma Adisa ta rufe rumfa ta zo da kujerarta. 'Yan Bolga kuwa ba yara ba ne, wasu ƙarti ne masu ƙirji kamar ƙofar gareji. Aka busa.

Na karɓi ƙwallo na nufi kwando. Na ci. Na sake kutsawa, na ci. Na uku suka gane. Suka tsaya mini su biyu a bakin tabarmar, na tashi, wani ya maido mini da ƙwallon a goshi. Na sake shiga, aka kwashe ni na zauna da ɗuwawu a kan siminti mai zafi, daidai saitin wayar Koci. Na shiga bidiyo kam. Duk lokacin da na ɗaga ido ina hango Fuseini a sake, hannuwansa a buɗe, bai kira ni ba ko sau ɗaya. Suka wuce mu. Sunan da aka binne ya tashi daga kabari.

"Dumso! Dumso!"

Koci bai cire ni ba. Da aka juya fili ya kwance wayarsa daga darbejiya ya kai ta falwaya, kamar kullum. Sauran yara suka yi ta fama, ni ma na ci wasu, muka rage tazara da ƙyar. Can cikin hayaniya na ji muryar da na sani ko a cikin barci.

"Alata! Jefa doya! Ɗan banza, jefa doya!"

Lokaci ya zo ƙarshe, suna gabanmu da maki ɗaya, ƙwallo a hannuna. Mai riƙe lokaci ya fara ƙirge da baki, jama'a suka kama masa. Na yanke na farko. Ga hanya. Ƙartin nan biyu suna jira, amma akwai 'yar kafa a tsakaninsu, kuma na sha wuce wadda ta fi ta ƙunci. In na ci wannan, ni ne a bidiyo, ni ne a bakin kowa. Na riga na yanke shawara, wallahi na yanke. Kaina ya ce shiga. Ƙafata ta ɗaga.

Sai gefen idona ya ga Fuseini ya juyo, irin juyowar da yake yi in ya ajiye doya.

Ban jefa ba. Hannun ne ya jefa. Hannun da na zo da shi tun daga Kano, na ci da shi, na yi alwala da shi, shi ya ci amanata a gaban jama'a. Ƙwallo ta tafi a hankali ta jira shi a sama. Ƙarfe ya yi kuka. Aka busa.

Suka ɗauki Fuseini a kafaɗa, su wajen shida don tsawonsa. Ni ma wasu suka ɗaga ni. Mma Adisa tana rawa da kujera a ka. Ina sama ina kallon falwaya, inda wayar take ɗaure tana kallon kwando.

Bayan 'yan kwanaki Koci ya kira mu mu biyu gindin darbejiya. Fuseini aka ɗauka. Na ce to, ni me Manaja ya ce? Koci ya kau da kai. Na ce ya faɗa, ba yau aka fara yanka ni ba.

"Ya ce a wannan karon ya gan ka sosai. Ya ce har yanzu ba ka ba kowa ƙwallo."

Na yi dariya. Na yi ta dariya har na riƙe bishiya. Fuseini ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi sata.

Ni na raka shi tasha, da ƙafa, don na san hanya yanzu. Ya sa rigar Sallarsa, Mma Adisa ta cika masa buhu da doya wai ya kai wa Manaja. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Cale, zan gaya musu. Wallahi zan gaya musu kai ne."

Na ce, "Shiga mota kar ka sa ni kuka a gaban masu yalo-yalo. Kuma ka ji, in Manaja ya kira ka ofis ya ba ka ruwan sanyi, kar ka sha."

Ya faɗa musu ɗin, na yarda da shi. An riga an rufe rajista. Yana kirana wani lokaci. Filin katako ne, da rufi, da fanka, kuma a benci yake kallonsu. Ya ce, "Cale, nan ba mai jefa doya. Suna jefa mini a gwiwa, suna jefa mini a fuska. Manaja ya ce ba ni ne na bidiyo ba." Na ce masa ya yi haƙuri, ni ma ba ni ne na bidiyo ba.

Ina nan Tamale. Da yamma ina fili, da safe ina kan motar Mma Adisa. An kawo wani sabon mai cafewa, hannunsa kamar cokali mai yatsu.

Dankin ƙarshen nan wani a Accra ya yanko shi daga bidiyon Koci, ya zaga wayoyin gari. Umma ta dame ni wai ita ba ta taɓa ganin wasana ba, sai na tura mata shi don ta bar ni in huta. Ranar Juma'a ta kira.

"Sadiku, na kalli abin nan. Ƙannenka wai dogon nan ne kai. Na ce ku tafi can, yaushe ɗana ya zama turken wuta?"

"Ba ni ba ne, Umma. Ni ban fito ba."

"Ka fito mana. Ga ka can gefe, wajen hagu, da ƙwallon za ta shigo."

Na ce ta dakata. Na buɗe bidiyon, na ja shi a hankali, na tsayar. A can bakin hoton, wurin da ko Manaja ko Koci ko ni kaina ba wanda ya taɓa dubawa, ga yatsu sun leƙo. Ƙiftawar ido ɗaya, sun ɓace.

"Umma, ya aka yi kika gane?"

"Ƙaramin nan mai karkata? Ni na ɗaure shi da tsumma ranar da ƙofa ta datse ka." Ina jin ƙarar ludayi a tukunya daga can Birget. "Amma Sadiku, kana cin abinci kuwa? Yatsun nan sun rame."

Na kalli hannun, duk kanta da jar ƙasa.

"Ina ci, Umma," na ce. "Doya."